Zuma a Kwalbar Baba

Tun da na dawo daga Doha ban huta da tambaya ba. Malamai a makarantarmu, matan zumunta a coci, har mai kayan miyan da ke bakin layinmu a Bukuru, kowa sai ya tare ni da, Malama yaya Katar. Na gaji da cewa akwai zafi, akwai dogayen benaye. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda. Akwai abin da ke ciki da ba nawa ba ne ni kaɗai, amma Mama ta ce in rubuta, ta ce ta tsufa da ɓoye-ɓoye.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Aikena aka yi. Ƙanena Ishaku, autanmu, shekararsa shida a Doha, kuma abin da muka sani shi ne yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani babban otal. Can ya haɗu da Rifkatu, wata nas 'yar Pankshin, suka daidaita, aka sa watan Disamba za mu je gaisuwa gidan iyayenta. Ana cikin haka wata mata a cocinmu, wadda ɗanta ya dawo hutu daga can, ta ja Mama gefe bayan sujada ta ce ai Ishaku giya yake sayarwa. Mama shekara goma sha biyu tana shugabar zumuntar mata. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kira shi a waya ba. Ta dai ce ƙafarta ba za ta taka gidan su yarinyar ba sai ta san da me ɗanta zai ciyar da 'yar mutane. Da Ishaku ya aiko mini da takardun ziyara lokacin dogon hutu, sai ta ce to ga dama ta samu, in je in gano mata da idona, kuma kada in dawo mata da kwana-kwana.

Daren da zan tashi na tarar ta haɗa masa tsaraba: kuka, daddawa, yajin ƙuli, da zuma. Zumar ce ta zuba a wata tsohuwar koriyar kwalba da ke kan kabad ɗinta tun muna yara. Mu dai mun san ta da kwalbar Baba. Mahaifinmu ya rasu Ishaku yana ɗan shekara huɗu, kuma abin da aka gaya mana kuku ne a kulob ɗin Turawan kuza a Jos. Na ce Mama ga gorar roba, ba nauyi, ba fashewa. Ta ce ba ta tambaye ni ba. Na naɗe kwalbar da zani biyu na cusa a tsakiyar akwati.

Hanyar Abuja kun san ta, ba sai na ɓata tawada ba. Direbanmu ya sauko Hawan Kibo kamar wanda aka biyo, wata tsohuwa a bayana ta yi ta kiran sunan Yesu har Akwanga, inda muka tsaya ta sayi soyayyen doya ta manta da tsoron. A jirgi kuwa Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani Injiniya Bashir, mutumin Kano, mai aiki a kamfanin gas a can. Shi ya nuna mini yadda ake kwance teburin cin abinci bayan na yi ta kokawa da shi, bai kuma yi mini dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana motsi. Ya tambaye ni me ƙanena yake yi. Na ce gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki. Ya ce ai a ƙasar nan mai gyaran esi ya fi likita daraja.

A filin jirgin Doha, bayan an buga fasfo, kowace jaka sai ta bi ta cikin na'ura. Tawa ta shiga, ta fito, sai wani jami'in kwastan cikin ladabi ya ce in biyo shi gefe. Ya buɗe akwatin, ya ture kuka da daddawa yana ɗan kawar da hanci, ya warware zannuwan nan, ya ɗaga kwalbar sama wajen haske. Sai a lokacin na ga abin da yake gani. Kwalbar giyar Turawa ce da ake kira jin, sunan kamfanin yana nan rubuce a jikin gilashin, ga kuma wani ruwa ja-ja a ciki. A ƙasar da aka hana matafiyi shiga da barasa ko cokali ɗaya.

A wurinmu ai kwalba kwalba ce. Wa ya taɓa sayen gyaɗa a bakin titi ya tsaya karanta abin da ke jikin kwalbar? Liman ya saya, fasto ya saya. Amma ta yaya zan bayyana wa Balarabe wannan da Turancina da ya gudu ya bar ni? Ni shugabar makarantar firamare, mai hana yara satar alli, ga ni a tsaye ana kallona kamar 'yar fasa-ƙwauri. Injiniya Bashir ne ya hango ni ya dawo. Ya yi wa jami'in Larabci, na ji yana maimaita asal, asal, wato zuma. Aka buɗe murfin, jami'in ya shinshina, ya karkata kwalbar ya ga yadda abin yake tafiya a hankali, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina. Daga nan ya rufe ya miƙo mini, ya ce khalas, an gama. Da muka fito Injiniya ya ce, Malama, gaba idan za a aiko zuma a nemi gorar ruwa. Na ce ka je Bukuru ka gaya wa mai aiken.

Ishaku da Rifkatu suna jirana a waje. Ya yi ƙiba, ya yi haske, ya rungume ni yana ta Yaya Saratu, Yaya Saratu. Da ƙofar filin jirgin ta buɗe na ji iska ta buge ni kamar an buɗe murfin tukunyar tuwo a fuskata. Mu mutanen Jos da muke sa rigar sanyi a watan Agusta, nan na san an kawo ni wata duniya.

A wurin Rifkatu na sauka, a unguwar Mansura, wani tsohon gida mai hawa huɗu. Falo ɗaya aka yanyanka da katako aka yi ɗakuna uku, ita da wata 'yar Kenya da wata 'yar Filifin, duk ma'aikatan jinya. Kicin ɗaya, kowace da ranar girkinta da ɓangarenta a firji. Ranar da Rifkatu ta kaɗa miyar kuka da daddawar Mama, 'yar Filifin ɗin ta fito tana tambaya ko wani abu ya mutu a bayan kabad. Da ta ɗanɗana kuwa sai da ta ƙara. Ni ma na ci nasu. Na ci shinkafar Larabawa da ake dafawa da busasshen lemon tsami, na sha shayin karak a ƙaramin kofin takarda, wanda ake miƙo wa mutum ta tagar mota idan ya danna ham. Ishaku ya kai ni Asian Town, matattarar leburori baƙi, ranar hutunsa, inda na ga maza dubbai, 'yan Indiya da Nepal da Bangladesh, kowa riƙe da waya yana magana da gida. Ban taɓa ganin kewa a fili haka ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne zuwa coci ranar Juma'a. Can Juma'a ce ranar hutu, don haka Kirista ma ranar suke sujada, a wani babban fili da aka keɓe wa coci-coci a Mesaimeer. Ba ƙararrawa, ba lasifika a waje, kowa ya shiga nasa ɗakin ya yi waƙarsa ya fito a ba wasu wuri. Na tuna yadda a gida cocinmu da masallacin bayanmu suke gasar wanda zai fi tada unguwa, na ce ashe ana iya yi a hankali Allah kuma ya ji.

Kwana huɗu ina lura da Ishaku. Mai gyaran esi, amma hannunsa ba tabon mai, farcensa fes. Yana fita aiki da la'asar da farar riga a cikin leda. Na tambaye shi wace irin na'ura ce ba ta lalacewa sai da yamma, ya yi dariya ya canza magana. A rana ta biyar na tuna ban ba shi zumarsa ba. Na ciro kwalbar na ajiye a gabansa, ina ba shi labarin abin da ta ja mini a filin jirgi. Bai yi dariya ba. Ya ɗauke ta yana juyawa, ya shafa rubutun da yatsa, ya duba gindinta, sai ya ce wannan tsohon zubi ne, sun daɗe da daina yin kafaɗar kwalbar haka. Yana faɗa ya gane abin da ya faɗa. Rifkatu ta tashi ta shige kicin.

"Ishaku, a ina mai gyaran esi ya san kafaɗar kwalba?"

Ya ajiye kwalbar. Sannan ya ce, "Yaya, gobe ki zo ki ga wurin aikina. Na gaji."

Washegari da azahar muka shiga jirgin ƙasan nan nasu da ba shi da direba. Na zauna a gaba ina neman wanda zan yi wa sannu da aiki ban samu ba. A hanya ya gaya mini yadda aka yi. Da gyaran esi ya zo da gaske, amma bayan shekara biyu kwangilar kamfanin ta ƙare, aka ce kowa ya nemi sabon kafil, wato wanda zai tsaya masa ya ɗauke shi aiki, ko ya koma gida. Otal ɗin da yake yi wa gyara suka ɗauke shi wankin kofuna a mashayarsu. Daga wanki ya koma yanka lemo, daga nan aka tura shi kwas, yanzu shi ne babba a bayan kanta. Can ba a sayar da giya a titi ko a shago kamar gida. Sai a manyan otal, sai an duba katin mutum a ƙofa, kuma wanda ya fita yana tangaɗi a titi ya gamu da hukuma. Ni ma sai da na nuna fasfo, ko da yake ba a buɗe mashayar ba tukuna, manajansu ne ya yi masa alfarma.

Na shiga da shirin ganin irin mashayar goskolo, muguwar giyar nan ta haɗin gida, da ke bayan kasuwarmu, inda samari suke kwana a kwata. Sai na tarar da wuri shiru, kamar ɗakin shan magani. Ya zaunar da ni, ya ba ni ruwan sanyi, ya jero kwalabe biyar a gabana, duk na kamfani ɗaya da kwalbar Baba. Ba zan faɗi sunan ba, ba talla aka aike ni ba. Ya fara bayani, ni kuwa na naɗe hannu na ɗaure fuska irin wadda nake yi wa iyayen yara masu kawo uzuri.

Ya ce asalin abin daga ƙasar Holan ne, kuma da farko a matsayin magani ake sayar da shi. Sojojin Ingila suka gano shi suka kai gida, talakawan Landan suka rungume shi, kowa yana dafawa a bayan ɗaki da duk abin da ya samu, har ya zama annoba, iyaye mata suna yar da 'ya'yansu. Na ce to ai goskolo ke nan. Ya ce shi ne, Yaya, babu bambanci. Sai da hukuma ta matsa, sannan wasu 'yan kasuwa suka fara yin mai tsabta, cikinsu har da wanda ya kafa wannan kamfani, ya nemi wuri mai ruwa mai kyau, ya tsayar da haɗinsa, kuma har yau mutane kaɗan ne suka san ma'aunin. Koriyar kwalbar ita ce ta asali, ba sukari. Ta kusa da ita ta fi ƙarfi, ita ake kaiwa ƙasashen waje. Akwai mai ɓawon lemon zaƙi, akwai ruwan hoda mai ɗan zaƙi da aka fito da ita don masu gudun ɗaci. Ta biyar ya ce babu barasa a ciki ko kaɗan, ƙamshin ne kawai, kuma ana sayenta sosai a Doha. Ya ce Turawan da suka zo ƙasashe masu sauro irin namu suna shan kwinin don zazzaɓi, ɗacinsa ya ishe su, shi ne suka riƙa haɗa ruwan kwinin ɗin da wannan da yankin lemon tsami.

Na tambaye shi abin da na san Mama za ta tambaya, ko yana sha. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ta biyu ba. Idan ya haɗa, yakan ɗiga ɗigo ɗaya a bayan hannu ya lasa don ya ji ko ya yi daidai, kamar mai miya. Bayan wannan bai taɓa zama da kofi ba. Ya ce ya sha hana mutum ƙari ya sa a kira masa mota. Na ce duk da haka kai ne kake zuba masa na farko. Ya ce haka ne, kuma ba ranar da ba ya tunanin wannan.

Sai ya jawo wani ɗan kwano mai busassun 'ya'yan itace baƙaƙe, sun ɗan fi masoro girma. Ya ce sunansu junifa, su ne ran abin gaba ɗaya, in babu su ba a kira shi jin. Ya murje guda biyu a tafin hannunsa, ya matse ɓawon lemon tsami a kai, ya miƙo mini hannun ya ce in shinshina.

Na shinshina, sai na ji Baba.

Ba na son ƙarin gishiri a labari, amma abin da ya faru ke nan. Ina 'yar shekara bakwai, Baba yakan dawo da safe a kan kekensa, ya kama fuskata da hannu biyu ya ce uwata ta tashi lafiya. Wannan ƙamshin ne a hannunsa da hannun rigarsa, kamar itacen Kirsimeti da lemo. Na ɗauka sabulun Turawa ne. Shekara arba'in da wani abu ina neman sabulun nan a kantuna ban samu ba. Kuku yana warin albasa da hayaƙi. Ban taɓa jin warin albasa a jikin Baba ba ko sau ɗaya, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na riƙe hannun Ishaku na yi kuka sosai, shi kuwa ya rikice yana ba ni haƙuri, yana zaton aikinsa ne ya sa ni kuka. Bai san Baba ba balle ƙamshinsa. Da ƙyar na iya gaya masa.

Sauran kwanakin ban riƙe su da kyau ba. Mun je kasuwar gargajiya na sayi turare da dabino, na ga shaho da aka ce yana da asibitinsa. Hankalina yana kan abin da zan faɗa a gida. Na ji haushin Ishaku da ya yi mana ƙarya shekara huɗu, na ji tausayinsa, na kuma ji tsoron kada in buɗe baki in rushe masa aure. Rifkatu ta ce ita tun farko ta sani, ta yi ta roƙonsa ya faɗa. Ranar da zan taho ya juye zumar a wani mazubi, ya wanke kwalbar Baba ya shanya, ya cika ta rabi da 'ya'yan junifa da busasshen ɓawon lemo. Ya ce in kai wa Mama, in kuma gaya mata komai, ko da za ta ce kada ya sake zuwa gidanta.

Na iso Bukuru da yamma ana yayyafi. Mama ta bari na ci abinci, ta karɓi turarenta da dabino, ta tambayi lafiyar yarinyar. Sannan ta ce, to, me kika gano. Na gaya mata duka, har ɗigon da yake lasa. Ban rage ba ban ƙara ba. Ta saurara tana kallon ƙasa. Da na gama na ciro kwalbar na ajiye a kan cinyarta.

Ta buɗe murfin da kanta. Ta kai hanci sau ɗaya, ta rufe ido.

"Shekara goma sha tara ubanku yana wannan aikin," in ji ta. "Da shi aka biya kuɗin makarantarki. Ya so ya gaya muku, ni na hana. Na ji tsoron a sa shi a horo a coci, a daina ba mu Jibin Ubangiji, mata su riƙa nuna ni. Na ce ya ce kuku ne. Har ya mutu yana cewa kuku ne, don ni."

Na ce Mama, to me ya sa kika tura ni.

"Ina so in ji ko zai faɗa da bakinsa. Ni ban iya ba. Shi ya sa na aika masa da kwalbar." Ta share ido da bakin zani. "Ba aikin nake so ba, Saratu, har gobe ba na so. Amma ƙaryar nan a gidan nan ya same ta, ni na dafa ta."

Ta sa na kira shi a waya a take. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce masa idan iyayen Rifkatu suka tambayi sana'arsa, ya faɗi gaskiya tana zaune a wurin, in za su hana shi su hana shi a gabanta. Na ji shi yana kuka daga can, ita kuwa ta miƙo mini wayar ta ce in kashe, kati yana ƙonewa.

Mun je Pankshin a Disamba. Ishaku ya faɗa, baffan yarinyar ya yi ta gyaran murya. Mama ce ta ɗaga kai ta ce aikin ubansa ne, kuma ita ta ci daga ciki shekara goma sha tara. Sun ce a ba su mako biyu su yi shawara, suka kuma aiko cewa sun amince kafin makon farko ya cika.

Kwalbar ba ta koma kan kabad ba. Tana gefen gadonta yanzu, kusa da Littafi Mai Tsarki da maganin hawan jini. Jiya da safe na shiga gaishe ta, ta kama fuskata da hannu biyu tana duba wani ƙurji a goshina, sai na ji ƙamshin a tafin hannunta.